Farin rubutu a waje ko a ciki: labarin tayoyin tsohuwar akori-kurata a Ohayo

Yaya, barka da war haka. Ina fata Hajiya da yara duk suna lafiya. Ka tambaye ni a waya yadda na ƙare da maganar tayoyi, na ce ka bari in rubuto, don zancen ya fi ƙarfin hirar minti biyar.

Ka san motar, Ford F-150 ce ƙirar 1995, wadda na saya hannun wani dattijon manomi a bayan garin Kolumbus, nan jihar Ohayo ta Amurka. Ran da na ɗauko ta, tayoyin ne suka fara cika mini ido. Zanensu da zurfi, ko alamar suɗewa babu. Da a Ƙofar Ruwa ne, da an rantse maka sababbi ne fil. Na shiga wani shagon taya don a duba mini iska kawai. Yaron shagon ya durƙusa, ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya haska fitilar wayarsa kan wasu ƙananan lambobi da ke bayan haruffan DOT. An rubuta 3811. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato mako na 38 a 2011 aka ƙera ta. Sai ya matso da fitilar kusa da bakin wili, na ga robar duk ta tsattsage ƙanana-ƙanana, kamar faso a diddige lokacin hunturu. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don a kan babban titi na taho da ita da gudu.

Dattijon bai cuce ni ba. Motar ce ba ta yawan tafiya, zane bai ci ba, amma roba ta tsufa a tsaye. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara 10 a cire ta, ko da kuwa a ido lafiya lau take. Mu kuwa a gida da ido da babban yatsa muke sayen taya: a danna, a ƙwanƙwasa, a dubi zane, a yi ciniki. Ai tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, ba mu da abin yi sai abin da jirgin ruwa ya sauke, sabo da gwanjo. Yanzu na fahimci cewa da yawan tayoyin Beljiyam da muke yabon zanensu, irin waɗannan nawa ne da aka cire saboda shekaru.

Zaɓen sababbi ya ɗauke ni kusan mako biyu. Wilin motata inci 15 ne, lambar tayar 235/75R15, kuma akori-kurar zamani galibi sun koma inci 17 zuwa sama, don haka ba kowane samfuri ake samu a girmana ba. Sunaye kam ga su nan birjik, sai dai in ka bi asali, gidaje kaɗan ne ke riƙe da su. BFGoodrich na Michelin ne tun 1990. Firestone na Bridgestone ne tun 1988. General na hannun Continental na Jamus. Cooper, wanda nan Ohayo ne gidansa, Goodyear ya saye shi a 2021, shi kuma Goodyear hedikwatarsa na Akron, tafiyar kamar awa biyu daga inda nake.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne harafin da ke gaban lamba. In ka ga P, ta ɗaukar mutane ce, tana da laushi da shiru a kan kwalta. In ka ga LT, ta kaya ce, gefenta ya fi kauri, tana jure iska mai yawa, kuma an kasa ta aji-aji, C da D da E, gwargwadon nauyin da za ta ɗauka. Ni ina ɗauko katako da kayan gini a ƙarshen mako, ga dusar ƙanƙara daga Disamba har Maris, sai na tsaya kan BFGoodrich All-Terrain, LT ajin C. Tana da tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, shaidar an gwada ta a kan dusar ƙanƙara. Ta fi ta titi ƙara, kuma na lura mai yana ɗan saurin sauka. Na yarda da hakan. Kowace ɗaya ta doshi dala 200, ban da kuɗin ɗaurawa da balansin, har tsofaffin da na bar musu sai da na biya kuɗin zubarwa.

Sai ga tambayar da ban taɓa ji ba a rayuwata. Mai shagon ya ɗago daga kwamfuta ya ce: farin rubutu a waje ko a ciki?

Ashe irin wannan taya fuska biyu gare ta. Gefe ɗaya sunan kamfani an fito da shi da manyan haruffa farare tas, ɗaya gefen baƙi ne wuluk, kai za ka zaɓi wanda duniya za ta gani. Iri uku ne a takarda: RWL, harafi cike da fari, OWL, fari a gefen harafi kawai, cikinsa baƙi, BSW, babu fari sam. Kuma ba fenti ba ne. Farar roba ce a shimfiɗe ƙarƙashin baƙar, a masana'anta ake kankare saman haruffan ta bayyana. Shi ya sa in ka goga tayar da dakalin titi, sai farin tabo ya fito inda ba a so. Sabuwa tana zuwa da shuɗin shafi a kan haruffan don kada su yi datti a sito, da ruwa da sabulu yake fita.

Mutanen nan ba sa wasa da wannan magana. Maƙwabcina, wani tsohon kafinta mai Chevrolet ta shekarun 1980, ya ce duk motar da ke da bamba ta ƙarfe mai walƙiya da bodi mai kusurwa, farin rubutu ne adonta, don da shi aka san su tun shekarun 1970. Ɗansa kuma ya ce wannan yayin tsofaffi ne, baƙi ya fi kwarjini, kuma ba ya neman wanki. Yaron yana da gaskiya a nan, farin yana komawa ruwan ƙasa in an bar shi, sai an bi shi da buroshi. Amma ni na bi uban. Motata launi biyu ce, shuɗi da fari, kuma da na ga an sauke ta daga jak da haruffan a waje, sai ta tuna mini da manyan motocin katako na gida, yadda masu su ba sa barin su haka nan sai an ƙawata su da zane da rubutu. Duk Asabar ina tsugunawa da bokiti in wanke su, kuma ina jin daɗin yin hakan.

Inda gida ya fi nan, mai faci ne. A nan babu wanda zai zauna ƙarƙashin darbejiya da injin iska yana jiranka. In ta yi faci a hanya, ko ka sa safeya da hannunka, ko ka kira motar ja. In ƙusa ta shiga ta gefe, ba shagon da zai taɓa ta, sai dai ka sayi sabuwa. Da farko na ɗauka neman kuɗi ne, daga baya na gane gefen taya shi ke lanƙwashewa a kowane juyi, faci ba ya zama a wurin. Iska kuma ba a sa ta da ka. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba mai nuna adadin da ya dace, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ina tuna yadda ake dura wa tamu iska har sai ta yi tauri kamar dutse, sannan a hau kwalta da tsakar rana a watan Afrilu.

Yaya, Hilux ɗinka kullum tana hanyar Dawanau da buhuna har sama, kuma kai ne a gaba. Don Allah gobe da safe kafin a yi lodi, ka durƙusa ka nemo lambobi huɗun nan a kowace taya, har da safeya. In ba ka gan su a waje ba, leƙa ta ciki, wani lokaci gefe ɗaya kawai ake bugawa. Ka duba ko akwai LT. Ɗauki hoto ka turo mini ta WhatsApp, in akwai wadda ta tsufa, kuɗin biyun gaba a kaina. Ka gaida Hajiya.