Makullin ƙofar uPVC (ƙofar roba mai tauri): a gyara ko a sake sabo?

In mariƙin yana ɗagawa lafiya lau ƙofa na buɗe, amma ya cije da an rufe, makullin ƙalau yake. Zafin Kano ne ya sa robar ta motsa, ko ƙurar hunturu ta toshe ramukan da makullin ke shiga. Mai gyara ya daidaita hinji, ya fesa man silikon, shi ke nan, kuɗi kaɗan. Ban da man gyaɗa, don Allah, ƙura yake tarawa.

Amma in mariƙin ya saki, yana juyawa a banza, sau da yawa giyar cikin makullin ce ta karye, in haka ne gyara ɓata kuɗi ne. A sake. Ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon makullin a hannu, domin awonsu ya bambanta: da yawa milimita 92 ne tsakanin mariƙi da ramin ɗan makulli, wasu kuwa ba haka ba.