Na Ɗauki Bakanike Ya Duba Min Kulochin Golf GTI Kafin In Biya: Ga Yadda Ta Kaya

Wata huɗu ke nan da na sayi motar, don haka ina ganin yanzu na isa in yi magana a kan aikin da bakaniken nan ya yi min, da abin da ya gano da wanda ya wuce shi.

Golf GTI ce ƙirar 2007, ta biyar a jerin Golf, baƙa, mai giyar hannu guda shida. A Kano in ka ce Golf, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne Golf 3 ta haya da ake danƙara wa fasinja da buhuna a tasha. Wannan kuwa wata aba ce daban. Injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, kuma duk wanda ya riƙe irinta a Turai ba don kai yara makaranta ya saye ta ba. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Na gan ta a wani wajen sayar da motoci a titin Zariya, an wanke ta tas, an shafe tayoyin da mai sai ƙyalli. Dillalin ya ce, "Yallaɓai, wannan ko kwana goma ba ta yi da shigowa daga Kwatano ba, kulochi ma sabo ne dal." Ni kuwa ban tambaye shi kulochi ba. Nan jikina ya fara ba ni.

Ya yi min gwajin da kowa ya sani: ya ja hanbirki, ya sa giya ta uku, ya saki kulochi, mota ta mutu nan take. Ya juyo yana murmushi. Da don ta ni ne, da a ranar na ajiye kafin alƙalami.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa, wanda aikinsa motocin Jamus ne tun zamanin ƙwaron Volkswagen. Muka yi da shi ƙarfe 10 na safe, bai iso ba sai bayan azahar, wayarsa kuma a kashe. Wannan shi ne laifinsa na farko, kuma ban ji daɗi ba, don dillalin ya yi ta nanata min cewa wani Alhaji daga Katsina na hanya da kuɗi a hannu.

Da ya zo bai ko gaisa da dillalin sosai ba. Ya taɓa bonet ya ji ko da ɗumi, ya ce ya so a ce a sanyaye ya same ta. Ya durƙusa ya leƙa robar da ke kan matakin kulochi. Ta siɗe ta gefe har ƙarfe na leƙowa, alhali maleji na nuna tafiyar da ba ta kai ta cinye roba haka ba. Ya ce min, "Ɗana, maleji ana juya shi, amma ba wanda ke tunawa da roba." Sannan ya haska tocila wajen da giyabos ya haɗu da inji. Notunan duk da tsohuwar ƙura da tsatsarsu, babu alamar sifana ta taɓa su. A wannan motar ba yadda za a yi a canza kulochi sai an sauke giyabos. Maganar sabon kulochi ta mutu a nan, ba tare da ya ƙaryata kowa ba.

Ya tayar da ita, ya bar ta a furi, ya sa kowa ya yi shiru. Can ƙasa akwai wata 'yar ƙara, kar-kar-kar, kamar tsakuwa a gwangwani. Ya taka kulochi, ta ɗauke. Ya saki, ta dawo. Ya kashe motar, sai muka ji ƙwas guda ɗaya kafin injin ya tsaya. Ya ce fulawil ne. Na wannan motar ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne kamar na tsofaffin motoci, faifai biyu ne da sifirin a tsakaninsu don shanye girgizar inji, kuma idan sifirin ɗin ya gaji haka yake kuka. Ya ƙara da cewa da ƙarar sai an taka take fitowa, da boris ɗin kulochi zai zarga.

Na tambaye shi gwajin hanbirkin fa. Ya yi tsaki. Ya ce a tsaye, da ɗan totur, turbo bai ma farka ba, kulochin da ya kusa ƙarewa ma zai kashe mota. Wannan gwajin na kama wanda ya riga ya mutu ne kawai. Mai ciwo sai an ɗora masa kaya.

Muka fita da ita, yaron dillalin a baya. Da gangan Baba bakanike ya fara kutsa mu cikin cunkoson 'yan adaidaita sahu, tsaya-tashi, tsaya-tashi, kusan minti 20, har komai ya yi zafi. A nan na lura sai ƙafa ta kusa ƙarewa sama motar ke fara motsi, ga kuma ɗan karkarwa in za ta tashi a giya ta ɗaya. Da muka wuce Na'ibawa muka miƙa wajen Kwanar Dawaki, hanya ta buɗe, ya sa giya ta shida muna kan kilomita 80, allurar inji na wajen 2,000. Ya ce, "Ka bar kallon titi, ka kalli allurai biyun nan." Ya danne totur har ƙasa.

Allurar inji ta yi tsalle ta haura 3,000, ta maleji kuwa tana jan ƙafa. Bayan kamar daƙiƙa biyu ta inji ta dawo ƙasa, motar ta kama ta ja. Ya maimaita a giya ta biyar, zamewar ta ragu amma tana nan. A ta uku babu komai, motar ta fizge mu kamar lafiyarta ƙalau. Dalilin a bayyane yake da ya yi min bayani. Injin nan yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa, Nm 280, tun daga juyi 1,800 a minti, kuma a babbar giya ne motar ke masa nauyi, sai duk ƙarfin ya taru a kan faifan kulochi. A ƙaramar giya tayoyi na amsawa da wuri, ciwon ya ɓuya. Shi ya sa mai gwada mota a cikin gari, daga wannan danja zuwa waccan, ba zai taɓa gani ba. Titunan Kano ba su cika tudu ba, amma ya ce hawan gadar sama a babbar giya ma na tona asiri in ba a sami hanya mai tsawo ba.

Da muka tsaya ya buɗe bonet, wani ƙauri ya bugo mu, irin na birkin tirela da ta sha gangara. Yaron dillalin ya ce ai Baba ne ya ƙona shi yanzu. Baba ya ce, "Kulochi mai lafiya ba ya ƙonewa da taku uku."

Sai ciniki ya koma sabo. Baba ya kira wani mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa a gaban kowa, ya tambayi kuɗin faifai da firesha mai matse shi da fulawil, na kamfanin LuK ko Sachs, sababbi a kwali. Fulawil ɗin kaɗai ya fi sauran tsada. Dillalin ya yi ta albarka, ya fita ya yi waya, ya dawo, a ƙarshe aka rage min abin da ya kai kamar kashi biyu cikin uku na kuɗin gyaran. Alhajin Katsina har muka bar wajen bai iso ba. Ladan Baba kuwa bai kai kuɗin cika tankin motar ba, mai cin lita 55.

Bayan mako biyu aka sauke giyabos a garejinsa ina tsaye. Faifan ya cinye har ya kusa taɓa ƙusoshin da ke riƙe da shi, fuskar fulawil ɗin duk tabo shuɗi-shuɗi na zafi, kuma da hannu kake juya rabinsa yana lilo. Duk abin da ya faɗa a titi haka muka tarar.

Amma akwai abin da bai faɗa ba. Famfon da ke tura kulochi a wannan motar a cikin giyabos yake, haɗe da boris, kuma yana ɗigar mai. Man nan daga kofin man birki yake zuwa, kofi ɗaya suke sha. Ranar gwaji kofin ya yi ƙasa, na gani da idona, Baba ya ce birki ne ya cinye. Da ya bi diddigi, da na sa shi a lissafin ciniki tun farko. Na biyu, ba shi da na'urar karanta kwamfutar mota. Sai daga baya wani matashi mai lantarkin mota ya jona ya ce min an taɓa yi wa injin ƙarin ƙarfi a can waje, wanda shi ne ya gaggauta cinye kulochin, don an ɗora masa abin da ya fi wanda kamfani ya auna masa. Na sa aka mayar da ita yadda take. Kuma Baba ba ya rubuta komai, duk a baki ne, in ka manta ka manta.

Ya kuma so ya sa min fulawil dunƙule maimakon mai sifirin, ya ce ya fi araha kuma ba ya mutuwa. Na ƙi, saboda na taɓa shiga wadda aka yi wa haka, giyabos ɗinta na ta ƙara a danja. Ya ce, "Kuɗinka ne."

Ƙanina na neman Civic mai giyar hannu a watan gobe, kuma Baban zan sake ɗauka. Sai dai wannan karon da kaina zan je in ɗauko shi tun da safe, in kuma taho da yaron nan mai na'ura.