EasyTouch GCU: na'urar auna yurik asid a gida ta cancanci kuɗin mai ciwon gawut a Kumasi?

Na'urar ba ta kai wayar hannu girma ba. Ƙirar kamfanin Bioptik ce na Taiwan, kuma abu uku take aunawa daga ɗigon jinin yatsa: sukari, kolestarol da yurik asid. Na ukun ne ya sa masu ciwon gawut ke cigiyarta, ciwon da a Zango sau da yawa ake zuba shi a buhu ɗaya da sanyin ƙashi alhali kowanne da hanyarsa. Gawut yana zuwa ne idan yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare ya zama ƙananan tsinkaye masu kaifi a cikin gaɓa, galibi gindin babban yatsan ƙafa, kuma galibi da tsakar dare. Jini yana fara gaza riƙe shi a narke daga wajen 6.8 mg/dL. Shi ya sa likitoci ke son mai gawut ya zauna ƙasa da 6, wanda kuma ƙulluttai suka riga suka fito masa a gwiwar hannu ko kunne ya sauka ƙasa da 5.

Hukuncin a taƙaice: ga wanda likita ya riga ya tabbatar masa da gawut, yana kan magani ko yana gyara cimarsa, na'urar tana da amfani sosai. Ga wanda ƙafarsa ta kumbura jiya yana son ya gano da kansa ko gawut ne, asarar sidi ce. Mutane da yawa yurik asid ɗinsu yana sama shekara da shekaru ba su taɓa yin ciwon ba, wasu kuma suna tsakiyar ciwon lambar ta fito daidai.

A cikin akwatin akwai na'urar, alƙalamin huda yatsa da allurai, tsinken duba lafiyar na'ura, da jaka. Batir AAA biyu take ci, irin na rimot, wanda ko a teburin mai kayan koli a Aboabo za ka samu. Wannan abin yabo ne. Tsinkayen gwaji suna zuwa a kwalba, kowace kwalba da ɗan makullinta mai lamba da ake sokewa a bayan na'ura: mai launin ruwan lemo na yurik asid, kore na sukari, shuɗi na kolestarol. Tana karanta yurik asid daga 3 zuwa 20 mg/dL cikin daƙiƙa 20. Ƙasa da haka ta rubuta LO, sama da haka ta rubuta HI.

A wajen makullin nan ake yawan yin kuskure na farko. Lambar da ta fito a fuskar na'ura dole ta zama ita ce a jikin kwalbar da ka ɗauko tsinke. Mutum ya sayo sabuwar kwalba, ya bar tsohon makulli a ciki, na'urar ta ba shi lamba kamar ba abin da ya faru, lambar kuma ta ƙarya ce. Kuskure na biyu ma'auni ne. Takardar lab sau da yawa tana zuwa da µmol/L, na'urar kuma mutum ya saita ta a mg/dL, sai ya ga 420 a takarda da 7 a gida ya ɗauka ɗayansu ya haukace. Abu ɗaya ne. Ka ninka lambar na'ura sau 60, za ka faɗa kusa da ta lab: 6 ita ce 360, 5 ita ce 300.

Yin gwajin kansa ba wuya, amma yana son natsuwa. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai ɗumi, ka busar sarai. Fitar da tsinke ɗaya ka rufe kwalbar nan take, ba bayan ka gama ba. Soke tsinken, ka jira alamar ɗigo ta fara ƙyaftawa. Huda gefen yatsa, ba tsakiyar tsokar ba, ya fi rashin zafi kuma jini ya fi zuwa. Goge ɗigon farko, ka bar na biyu ya taru, ka kai bakin tsinken gare shi ya tsotsa da kansa har gurbin ya cika. Idan jinin ya ƙi zuwa, sauke hannun ƙasa ka shafo daga tafi zuwa yatsa. Kada ka matse kan yatsan kamar mai tatsar lemon tsami, ruwan jikin da ke fitowa tare da jinin yana tsarma shi, lambar ta sauka. Haka in gurbin bai cika ba ka ƙara ɗigo daga baya: wannan tsinken ya tafi, ɗauko wani. Wanda ya goge yatsa da sifirit ya bari ya bushe tukuna.

Raunin na'urar na gaskiya a Kumasi yanayi ne. Tsinkayen ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ba sa son laima. A Fabrairu da Maris ɗaki mai rufin kwano a Asawase yana wuce wannan da rana tsaka, da damina kuma iskar kanta a jiƙe take. Kwalbar da ta kwana a aljihun mota, ko a kan taga, ko aka bar murfinta a buɗe ana hira, ta lalace ko da kwanan watan jikinta bai cika ba. Ajiye ta cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi, ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jiki, domin bayan buɗewa watanni kaɗan ne suka rage mata, adadin yana takardar da ke cikin kwalin. Kwalbar yurik asid tsinke 25 ce. Mai auna sau ɗaya a mako biyu ba zai cinye ta ba kafin ta mutu, don haka ya fi a haɗa gwiwa da wani mai irin ciwon a gida ko a unguwa, kowa da allurarsa. Allura ba a raba ta da kowa, ko mata da miji.

Akwai kuma waɗanda jininsu kansa ke ruɗa ta. Irin waɗannan na'urori an gina su ne a kan jini mai kauri daidai. Mai ƙarancin jini sosai, kamar mai sikila ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar kwanan nan, kada ya dogara da lambar gida, ya tafi lab. Mai shan ƙwayar bitamin C mai yawa shi ma zai iya ganin lambar da ba ta gaskiya ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin na'urarka ita ce ka tafi da ita ranar da za a ɗebi jininka, a asibitin Komfo Anokye ko duk lab ɗin da likitanka ke turawa, ka auna yatsa cikin 'yan mintuna da ɗibar. In bambancin ɗan kaɗan ne, ka san na'urarka. In ya kai maki ɗaya da rabi ko biyu, ka zargi tsinken kafin ka zargi jikinka.

Yaushe ake aunawa? Da safe kafin karin kumallo, a lokaci ɗaya duk ranar da za ka auna, sau ɗaya a mako ko mako biyu. Lamba ɗaya ba ta da labari, jerin lambobi na wata uku ne ke magana. Ranar da ƙafa ke ci da wuta kuwa ka bar na'urar a jaka, domin a lokacin ciwon yurik asid na jini kan sauka. Jira mako biyu zuwa huɗu bayan ya lafa.

Inda na'urar ta fi biyan kuɗinta shi ne wajen raba gardamar abinci, domin a kan gawut kowa malami ne. Za a ce maka ka bar wake, ka bar ayoyo, ka bar kuɓewa da tumatir, har mutum ya rasa abin da zai sa a baki. Babban binciken da aka wallafa a 2004, wanda ya bi maza sama da 47,000 a Amurka tsawon shekara 12, ya nuna nama da kayan teku ne ke ƙara haɗarin gawut, madara tana rage shi, wake da ganyaye kuma ba su ƙara komai ba. Ma'ana shinkafa da waken da ke cikin waakye ba su da laifi. Laifin yana cikin abin da ake ɗorawa a kai. Shito, baƙin yajin da ake zubawa a kan waakye, da garin busasshen kifi da jatan lande ake yin sa, duka biyun cike suke da furin, sinadarin da jiki ke mayarwa yurik asid. Cokali ɗaya ƙarami ya isa, ba ludayin da mai waakye ke zubawa in ta ga tsohon kwastoma ba. A maimakon nama biyu da kifi, ka ce a sa maka ƙwai da ganye. Wele, wato ganda, ma ya fi hanta sauƙi nesa ba kusa ba.

Tuwon zafi haka yake. Tuwon da miyar ayoyo lafiya lau, amma romon kayan ciki da ake kwararawa a kai shi ne matsalar. Hanta da ƙoda suna sahun gaba, kuma furin yana narkewa a ruwa, saboda haka wanda ya ture naman gefe ya shanye romon bai tsira ba. Kifin amane, sadin na gwangwani da ƙananan busassun kifin nan na Keta suna layi ɗaya da su. Nama na yau da kullum, saniya ko akuya ko kaza, ba a hana shi ba, a dai tsaya a yanka guda kamar tafin hannu, wajen giram 100, kuma ba safe da rana da dare ba. Cincinga, wato tsire, tsinke biyu daban, tsinke takwas daban. Kwana ukun Babbar Sallah, da ake fara layya da gasasshiyar hanta a rufe da ganda da romon kai, su ne jarrabawar shekara. Ka auna mako ɗaya kafin Sallah da mako ɗaya bayanta, ka rubuta duka biyun.

Abin da ake mantawa shi ne zaƙi. Rabin sukarin da muke sha wani nau'in sukari ne da ake kira furuktos, kuma hanta tana samar da yurik asid yayin sarrafa shi. Gwangwanin Coca-Cola na mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35 na sukari. Lemon malt, sobolo mai zaƙi na roba, koko da aka cika wa sukari, duk hanya ɗaya suke bi. Burkina, abin shan gero da nono, da fura da nono suna da fuska biyu: nonon yana taimakawa, sukarin da madarar gwangwani mai kauri suna rushe taimakon, don haka a dama maka ba sukari. Giya, pito da akpeteshie su ne mafi saurin tayar da ciwon, kuma wanda ba ya sha ya duba jikin kwalbar bitas ɗin da ake sayar masa a matsayin maganin ƙarfi, da yawansu barasa ce a ciki. Ruwa kuwa, ƙoda ce ke fitar da wajen kashi biyu cikin uku na yurik asid, tana bukatar abin aiki. Ledar ruwa rabin lita ce, leda huɗu zuwa shida a yini ma'auni ne mai kyau ga wanda likita bai taƙaita wa ruwa ba saboda zuciya ko ƙoda. Mai wuni a rana a kasuwar Kejetia ko direban torotoro ya ƙara. Da azumi a raba wannan tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai ƙiba ya rage a hankali, yunwar ganganci tana ɗaga yurik asid kafin ta sauke shi.

Sai dai na'urar za ta faɗa maka wata gaskiya marar daɗi. Duk wannan kiyayewar, in an yi ta tsakani da Allah, abin da take saukewa bai cika wuce maki ɗaya ba. Wanda ke kan 7 zai iya kusantar 6. Wanda ke kan 9 ko 10, ciwon yana dawo masa sau biyu ko fiye a shekara, abinci kaɗai ba zai kai shi ba, domin matsalar yawanci ƙoda ce da ba ta fitarwa yadda ya kamata, sau da yawa kuma gado ne. Nan ne allopurinol, maganin da ke rage yurik asid, ke shigowa. Likita kan fara da miligiram 100 a rana, ko ƙasa da haka ga mai ciwon ƙoda, ya riƙa ƙarawa bayan 'yan makonni har lambar ta sauka ƙasa da 6. A wannan tsakanin ne littafin lambobinka ke da daraja, likita ya ga ko 100 ta isa ko sai an hau. Ba lasisin ƙara wa kanka magani ba ne. A watannin farko ciwon kan iya tashi saboda tsoffin tsinkayen yurik asid da ke cikin gaɓa suna narkewa, mutane su ce maganin ne bai karɓe su ba su watsar, alhali aikinsa yake yi. Ƙuraje a fata ko gyambon baki bayan fara shi kuwa, a tsaya a tafi asibiti ranar.

In ka kiyaye ci da sha lambar ta ƙi motsi, ɗauki duk magungunanka a leda ka kai wa likita. Bendroflumethiazide da furosemide na hawan jini da kumburi, ƙaramin asfirin, da pyrazinamide na tarin fuka duk suna ɗaga yurik asid, losartan kuma yana ɗan sauke shi. Diclofenac da ake saya a kemis duk lokacin da ƙafa ta tashi yana kashe zafin, yana kuma cin ƙoda da ciki in aka mayar da shi abokin zama. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi da rawar jiki ba ta jiran na'ura, ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana kama da gawut kuma tana lalata ta cikin kwanaki.

Kuɗin na'urar sau ɗaya ake biya, na tsinke kuwa ba ya ƙarewa, kuma tsinken wani kamfani ba ya shiga wannan. Kafin ka miƙa kuɗi a Adum ko ka tura momo, kuɗin waya, ga mai sayarwa ta intanet, tambayi ko yana kawo tsinken yurik asid shi kaɗai a kai a kai, ba na sukari kawai ba. Duba kwanan watan da ke jikin kwalbar da kanka, ka tabbata makulli mai launin ruwan lemo yana cikin kwalin kuma lambarsa ta yi daidai da ta kwalba, sannan a sa batir a soke tsinken duba lafiya a gabanka ka ga OK ta fito.