Yunifom ɗin makaranta: a ba tela kuɗi ya sayo yadi, ko a kai masa yadi ya ɗinka?

Hajiya, ranki shi daɗe, kin ce za ki ɗinka wa ɗalibanku kusan 300 yunifom a makarantarku ta wajen Ƙofar Ƙaura, kina tambaya: ki ba tela ɗaya kwangilar gaba ɗaya, yadi da ɗinki, ko ki sayo yadin da kanki ki ba da ɗinki kawai a kan jinga?

Ta farkon sauƙinta a fili yake. Farashi ɗaya kuka yanke kan kowane saiti, mutum ɗaya za ki nema in abu ya ɓaci, kuma ba ruwanki da hawa motar Kano. Amma ki duba inda ribarsa take. Kuɗin ɗinki kowa ya san shi a gari, don haka a yadi yake samun nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki Naira a Yuni, farashi bai cika zama wuri ɗaya ba. In kun yi ciniki a Yuli, ya je Kantin Kwari a Agusta ya tarar bandir ya tashi, ko ya dawo miki da maganar ƙari, ko ya ɗauko mai kama da shi wanda bai kai shi ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce, matsi ne. Ranar karɓa kaya za su sha guga, a ninke tsaf. Sai an yi wanki biyu ko uku shuɗin ya fara zuba a kan farin hijabi, wando ya tsuke ya haye ƙwauri, iyaye kuma ofishinki za su zo, ba shagon tela ba.

Ta biyun wahalarta a gaba take. Za ki fitar da kuɗin yadi a dunƙule, kuma dole ki saye shi duka lokaci ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta daga rini zuwa rini ko da sunan yadin ɗaya ne. Amma kina da damar gwaji kafin ki biya: ki karɓi ƙyalle, ki auna shi, ki jiƙa da sabulu tare da farin tsumma ya kwana, ki shanya a rana, ki sake aunawa. Haɗarinta shi ne almakashi ba ya tausayin yadin da ba na mai shi ba. Maganinsa a fara ɗinka saiti ɗaya na kowane awo, ƙarami, matsakaici da babba, ki san yadi nawa kowanne ke ci, sannan ki bayar a ƙirge. Malamanmu ma sun yi magana a nan: a Risala an ce masu sana'a su ke da lamunin kayan da suka tafi da su bayan idon mai su. Ki tabbatar da wannan wurin malami, ki sa shi a yarjejeniya.

Ni dai ta biyun zan zaɓa. Aibin ɗinki ana ganinsa ranar karɓa, a farke a gyara. Aibin yadi kuwa ɓoye yake, in ya fito babu gyara sai sabon saye. Sai fa in ba ki san yadi ba, ba ki kuma da amintaccen da za ki aika. To sai ki bi ta farko da sharaɗi: ya kawo bandir ki gani kafin ya yanka, ku raba ƙyallen samfur biyu, kowa ya sa hannu a kan na ɗan'uwansa.

Kowacce kika ɗauka, ki je shagon da ƙafarki ki tambayi wa zai hau keken. Manyan teloli kan miƙa aiki ga yaran shago ko wani shagon daban, ke ba ki sani ba. In da hali ki raba wa teloli biyu, domin rashin lafiya ko lalacewar janareta na tsayar da mutum ɗaya ana saura kwanaki a koma makaranta a Satumba. Kada kuma wa'adinki ya faɗa gab da Sallah, lokacin tela ba ya ganin kowa sai shadda.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, saura a biya rukuni-rukuni bayan dubawa, a rubuce da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar kan bashi. Wajen dubawa kada ki ɗauki na sama. Ki zaro daga tsakiyar tulin, ki juya cikinsa waje, ki ja ɗinkin hammata da na tsakiyar wando da ƙarfi, ki gwada zik da aninai. In kin ga aibi iri ɗaya yana maimaituwa, ki mayar da rukunin duka kafin ki saki cikon kuɗinsa.