Django da pathlib: ra'ayina kan sabon settings.py

Salam 'yan uwa masu rubuta kod, musamman mu na Kaduna da ke koya wa yara Django, wato kayan aikin gina shafukan intanet da yaren Python. Tun daga Django 3.1 da ya fito a Agustan 2020 suka cire os.path daga settings.py (fayil ɗin saituna) na sabon furojet suka sa pathlib, dukkansu biyun kayan Python ne na nuna hanyar fayil da folda, kuma ni dai wallahi na yaba sosai.

Da can kana buɗe fayil ɗin abin da zai fara tare ka shi ne os.path.dirname(os.path.dirname(os.path.abspath(__file__))), baka cikin baka, dole sai ka karanta daga ciki zuwa waje kafin ka gane inda aka dosa, yaron da ya fara koyo jiya kuwa kwafa kawai yake yi bai san me ya kwafa ba. Yanzu layin, wanda ke nemo babbar foldar furojet da ake kira BASE_DIR, Path(__file__).resolve().parent.parent ne. Daga hagu zuwa dama, ga fayil ɗin, ga foldar da yake ciki, ga wadda ke samanta, shikenan. Akwai wata ɗaliba a ajinmu na Tudun Wada da ta kalli layin ta yi min bayaninsa da kanta tun ban buɗe baki ba, abin ya min daɗi ƙwarai.

Haɗa hanya ma yanzu da alamar / ne, BASE_DIR / 'db.sqlite3' ko BASE_DIR / 'media'. Wannan ya fi komai amfani a wajenmu saboda yawancin laftof ɗin da yara ke zuwa da su Windows ne, sabar da ake ɗora aiki kuma Linux, alamar raba folda ba ɗaya ba ce. Eh na sani os.path.join ma yana magance wannan, amma tsawonsa ne ke sa mutane ƙyuya su rubuta hanyar da hannu, ranar ɗora aiki hotuna su ƙi fitowa, mai shagon da aka yi wa shafin yana ta kira a waya.

Inda ake shan wahala shi ne tsofaffin bidiyoyin koyarwa da suka cika intanet. Yaro zai ƙona datarsa ya sauke, ya kwafi os.path.join(BASE_DIR, 'templates'), sai saƙon kuskure na NameError ya fito wai ba a san os ba, don babu import os a saman fayil ɗin kuma. Idan ka mayar da shi zai yi aiki, tun Python 3.6 os.path na karɓar Path, amma don Allah a daina koya wa yara haka, a nuna musu sabuwar hanyar. Haka BASE_DIR + '/static' zai ba ka kuskuren TypeError, don Path ba ya haɗuwa da rubutu ta alamar +. Wani tsohon fakej kuma sai ka naɗe masa hanyar da str(), ta koma rubutu zalla, kafin ya yarda. STATIC_URL shi ba ya cikin wannan lissafin, adireshi ne ba folda ba, a bar shi yadda yake.

Takardun bayanin Django na kan shafinsu suna bin sabon salon, sai dai ka duba lambar bashan ɗin da kake karantawa ta dace da wanda ka sauke.

Mai tsohon furojet da ke aiki lafiya ba sai ya yi gaggawar canzawa ba, ni ina gyara nawa ne a hankali duk sanda wani aiki ya kai ni fayil ɗin. Sabon aiki kam pathlib kai tsaye.