Daga Ingila: Wane Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe Ne Zai Shiga Ƙaramin Shago?

Yaya, sallama da gaisuwa, da fatan iyali da mutanen Panteka suna lafiya. Ga bayanin injin sassaƙar ƙarfe da ka ce in duba maka.

A nan ba a cika kasa irin waɗannan injuna a kasuwa ba. Yawancinsu a garejin gidaje suke, wasu kuma makarantu da masana'antu ne ke rabuwa da su, sai a tallata a eBay. Wanda kowa ke yabo shi ne Myford ML7, ƙirar Nottingham, da ya fito a 1946. Ƙarami ne, mutum biyu za su ɗaga shi, wutar gida ma ta ishe shi. Amma ni ban ba ka shawararsa ba. Dattawan da ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa don nishaɗi sun tsadar da shi, ramin sandarsa kuma, wato ramin da ƙarfen da ake sassaƙawa ke ratsawa, bai wuce milimita 15 ba. Ƙarfen da bakanike zai kawo maka ba zai shige ba.

Colchester Student kuwa injin aiki ne na gaske, raminsa kusan milimita 40. Sai dai nauyinsa ya haura rabin tan, kuma galibi wuta mai layi uku yake ci. Kafin ka sa rai da shi, auna ƙofar shagonka, ka duba ko daɓen zai ɗauka, sannan ka tambayi kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas.

Tsakaninsu akwai Boxford, wanda aka fara ƙerawa a Yorkshire a 1948 bisa tsarin South Bend na Amurka mai inci 9. Makarantu sun saye shi da yawa, kuma injin makaranta bai sha wahala irin ta masana'anta ba, ko da yake ɗalibai kan bar masa tabo. Abin da ya burge ni shi ne samfurin AUD: motar lantarkin da ke juya shi na cikin akwatin ƙasa, ba a bayansa ba, don haka za ka iya matsar da shi jikin bango. A shago irin naka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka dai bar fili a hagunsa, inda dogon ƙarfe zai leƙo.

A kula da awo. Bature na Ingila daga gadon injin, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da sassansa ke tafiya a kai, zuwa tsakiyar sanda yake aunawa, Ba'amurke kuma faɗin abin da zai juya. Inci 4½ a nan shi ne inci 9 a can.

Sai batun zare, wato tsagar da ke jikin kusa mai murɗawa. Da yawa daga cikinsu zaren inci suke yankawa, alhali kusoshin motocin Japan da suka cika Kaduna na milimita ne. Don yanka zaren milimita, dole sai da giyar inji mai haƙora 127. Idan ka yarda da Boxford, zan tabbatar tana cikin kayan kafin in biya, in kuma duba gadon kusa da kan injin, don nan ne ya fi cinyewa.