Shafin CWGC da sojojin da teku ta haɗiye

Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma duk abokin aikin da ya zo kan Yaƙin Duniya na Biyu ina ce masa ya leƙa shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen rainonta. Kyauta ne, ana bincike ba tare da rajista ba, kuma sunayen mutum kusan miliyan 1.7 ne a ciki.

Da jirgin ruwan yaƙin Ingila HMS Hood na gwada shi. Ranar 24 ga Mayu 1941 jirgin Jamus Bismarck ya harbe shi a tekun da ke tsakanin Girinlan da Aislan. Rumbun albarusansa ya fashe, jirgin ya rabu biyu, cikin kamar minti uku ruwa ya rufe shi. Mutum 1,418 ne a ciki, uku kacal aka tsamo da rai, kuma babu ko ɗaya daga sojojin kundumbala na Royal Marines a cikin ukun. Iyayensu ba su ga gawa ba, balle su san kabari.

A nan shafin ya burge ni. Ka danna sunan soja guda, sai ga muƙaminsa, lambarsa ta soja, ranar rasuwa, sau da yawa har shekarunsa da sunan iyayensa da garinsu, sannan lambar allon da aka sassaƙa sunansa a dandalin tunawa na garin Portsmouth da ke Ingila, a bakin teku. Wasu ba su kai ashirin ba. Da na haska wa 'yan aji shida wannan, wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai sa'an yayana ne." Akwai kuma takardar tunawa da za ka sauke ka buga.

Kada dai ka je neman labari. Rajista ce ta matattu, ba ta faɗin yadda mutum ya cika, kuma da Turanci take.

Namu da suka rasu a yaƙin ƙasar Bama (Burma), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su ma suna ciki. Sai dai sunan na nan yadda akawun soja ya ji shi ya rubuta: Garba kan koma Garuba, garin mutum ya zama sunan mahaifinsa. Mai neman kakansa ya juya rubutun iri-iri, ya haɗa da Kano ko Sakkwato ko Zariya, in kuwa lambar sojan na cikin tsofaffin takardun gida, da ita zai fara.